Shin Ko Kun San? Kallon Wata da Duniyoyi Daga Tsakar Gida a Soron Ɗinki

Shin ko kun san mai zaune a tsakar gidansa a Soron Ɗinki ya fi mutumin Landan samun wurin kallon wata da duniyoyi? Kano tana kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, Landan kuwa ta haura 51. Hanyar da rana da wata da duniyoyi suke bi, a wurinmu ta tsakiyar ka take ratsawa, ko kusa da haka. Su can akwai shekarun da duniyar Zuhal ba ta ɗagowa fiye da digiri 16 daga ƙasa, sai dai su leƙo ta ta cikin hayaƙi da raɓa. Mu kuwa, ko a shekarar da ta fi yin ƙasa, tana haura digiri 50. Gwargwadon yadda abu ya yi sama, gwargwadon ƙarancin iskar da haskensa zai keto kafin ya iso ido. Dogayen katangun cikin birni ma ba su tare komai ba, tunda sama za a ɗaga kai.

Shin ko kun san fitilun unguwa ba sa ɓata wannan kallo? Ƙananan taurari ne hasken gari yake dusashewa. Wata da Zara da Mushtari da Zuhal da Mirrihu sun fi ƙarfin kowace fitila, saboda haka ba sai an yi tattaki zuwa daji ba. In kuma aka ɗauke wuta, gaba ta kai ku, Kaza da 'Ya'yanta ma sai su fito tar.

Shin ko kun san Zara matar wata da Gamzakin asuba abu ɗaya ne? Ita ce Zuhura a littattafan malamai. Duniya ce da ta kusa kai tamu girma, ba ta da hasken kanta, na rana take dawo da shi. Takan yi watanni tana bayyana a yamma bayan magariba, ta ɓace, ta dawo gabas da asuba, zagayen kuma yana cika cikin kwana 584. A ƙaramar na'ura wani lokaci a gan ta rabi, wani lokaci siririya a lanƙwashe. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe duniya da tauraro ita ce tauraro yana ƙyaftawa, duniya kuwa haskenta a tsaye yake.

Shin ko kun san mai yin tabarau ne ya fara neman rajistar na'urar hangen nesa? Sunansa Hans Lipperhey, a garin Middelburg na ƙasar Holan, a 1608. Labari ya kai wa Galileo a Italiya, ya ƙera tasa a 1609. Daren 7 ga Janairun 1610 ya ga ɗige-ɗige uku a gefen Mushtari, wadda 'yan boko suka sani da Jupita, bayan 'yan kwanaki ya ga na huɗu. Na'urar da ta yi wannan aiki sau ashirin kacal take kusanto da abu, gilashinta kuma bai kai ingancin na tabaron hangen nesa mai ido biyu na zamaninmu ba.

Wato wanda yake da irin wannan tabarau a ajiye cikin adaka, abin da Galileo ya gani yana hannunsa. In an ga an rubuta 10x50 a jikinsa, goman tana nufin yana kusanto da abu sau goma, hamsin ɗin kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. Ƙwayar idon mutum, ko ta buɗe iyakar buɗewa a duhu, ba ta cika wuce milimita 7 ba, don haka gilashin yana tattaro haske kusan ninki hamsin na ido. Matsalarsa ɗaya ce, rawar hannu. A kafa gwiwar hannu a kan katanga, ko a ɗaure shi a mariƙi mai ƙafa uku, sai watannin Mushtari su bayyana a jere: Iyo, Yuropa, Ganimid da Kalisto. Ganimid ya fi watanmu girma. Iyo kuwa bai cika kwana biyu ba yake kammala zagaye, shi ya sa jerin da aka gani yau ba shi za a tarar gobe ba.

Shin ko kun san lambar da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwalin na'ura ita ce mafi ƙarancin amfani? Za a ga siririyar na'ura an rubuta mata "sau 525", mai saye ya ɗauka ya yi tsintuwa. Ƙa'idar da masana suke bi ita ce a ninka faɗin gilashin gaba sau biyu. Gilashi mai milimita 70 iyakarsa sau 140, duk abin da ya wuce nan dishi-dishi ne aka ƙara wa girma. Abu biyu ake tambaya kafin a biya kuɗi: nawa ne faɗin gilashin ko madubin, kuma ƙafafun suna tsayawa daram? Na'ura mai kyau a kan ƙafa mai lilo ta fi komai sa mutum ya haƙura da abin tun daren farko. Ni a ganina gara tabarau mai ido biyu na kirki da na'urar da aka saya don girman kwalinta.

Shin ko kun san nau'in na'urar da masu sha'awa suka fi so a duniya, da tarkace aka fara haɗa ta? Isaac Newton ne ya ƙera na'ura mai madubi a 1668. Bayan shekara kusan ɗari uku, wani mutum a San Francisco ta Amurka, John Dobson, ya riƙa goge tsofaffin gilasan tagar jirgin ruwa yana mayar da su madubi, ya zura su cikin bututun kwali, ya ɗora a kan akwatin katako mai juyawa. Ya dinga kafa ta a bakin titi yana kiran masu wucewa su zo su ga wata kyauta. Har yau da sunansa ake kiran irin wannan na'ura. Madubin ne kawai sai an yi odarsa. Akwatin da bututun, babu kafinta ko mai walda a birnin nan da zai ce sun gagare shi in an ba shi zane.

Shin ko kun san daren sha huɗu shi ne mafi rashin daɗin kallon wata a na'ura? Farin wata sha kallo ne ga ido, amma a gilashi sai ya kashe ido, fuskarsa ta zama fari fat, domin rana tana dukansa tsaye, babu inuwa. Daren bakwai da na takwas ga wata su ne na gani da faɗa. A nan ne ake bin layin da ya raba haske da duhu, inda rana take dukan duwatsu a karkace, kowane tsauni ya ja doguwar inuwa, kowane rami ya nuna zurfinsa. Duk wanda ya lura da zanen da magina suke yi a fuskar tsohon soro ya san wannan: da tsakar rana ba ya fita, sai la'asar sakaliya ta dake shi ta gefe sannan kowane layi ya tashi. Layin nan kuwa kullum matsawa yake yi, kowane dare da sabbin ramukan da yake tonowa. Ga sauƙi kuma, a waɗannan darare wata yana tsakiyar sama tun magariba, ba sai an hana ido barci ba.

Tsakaninmu da shi kimanin kilomita 384,400 ne, faɗinsa kilomita 3,474, haskensa yana iso mu cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Kowace shekara yana ƙara nisa da mu da santimita 3.8.

Shin ko kun san akwai ramuka a wata masu sunayen malaman Musulunci? A daren bakwai ko takwas, kusa da tsakiyar fuskarsa, akwai wani ƙaton rami da aka sa wa sunan Albattani, masanin falaki na garin Raƙƙa wanda ya rasu a 929. Faɗinsa kimanin kilomita 130 ne, kaɗan ya rage ya kai tafiyar Kano zuwa Zariya, kuma tabarau mai ido biyu yana nuna shi. Ba nisa da shi akwai ramin Azzarƙali na Andalus, da na Abdurrahman Assufi mai littafin taurari, da na Abul Fida. Can gefen watan akwai na Ibnul Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira shekara ɗari shida kafin Galileo, ya tabbatar da cewa haske ne yake shigowa ido daga abin da ake kallo. A taswirorin wata an rubuta sunayen da lafazin Latin, Albategnius da Arzachel da Azophi da Alhazen, shi ya sa da yawa suke wuce su ba su gane nasu ba ne.

Har Ibn Baɗuɗa yana da nasa ɗan ramin, mai faɗin kilomita goma sha ɗaya ko sha biyu. Shi ne matafiyin da ya sauka Takedda a 1353, ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar garin.

Shin ko kun san wayar da ke aljihunku tana iya ɗaukar ramukan wata? Ita kaɗai ba za ta iya ba, farin ɗigo kawai za ta ba ku. Amma in aka saita idon kyamararta daidai kan gilashin da ake leƙawa, na'ura ta yi aikin kusantowa, waya ta yi na ɗauka. Akwai ɗan mariƙi da ake ɗaure wayar da shi a bakin gilashin, yana da araha, ya kuma fi riƙon hannu nesa ba kusa ba. A taɓa watan a fuskar waya, a ja haske ƙasa har sai ramuka sun fito, a kashe filasha, a sa agogon jinkiri na daƙiƙa uku don kada taɓin yatsa ya girgiza hoton. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ɗaukar wata a matsayin abin duhu. Dutse ne da rana take duka, don haka mai babbar kyamara ya fara da f/11, ISO 100, da saurin ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, ya gyara daga nan. Sai an hanzarta kuma, domin juyawar ƙasa tana sa wata ya gusa da faɗin jikinsa cikin minti biyu.

John William Draper, wanda ya ɗauki hoton wata a birnin New York a 1840, sai da ya bar farantin kyamararsa a buɗe kimanin minti ashirin.

Shin ko kun san ba kowane kyakkyawan hoton wata na waya ne aikin gilashi ba? A Maris ɗin 2023 wani ya dusashe hoton wata da gangan a fuskar kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar Samsung daga nesa, sai ga ramuka sun fito tsaf, waɗanda babu su a abin da ya ɗauka. Kamfanin ya yi bayanin cewa wayar tana gane wata, ta ƙara masa fitowa da ƙirƙirarriyar basira. Mai son hoton abin da idonsa ya gani ya kashe wannan gyara a saitin kyamara.

Shin ko kun san hotunan Mushtari da Zuhal masu kyan nan da bidiyo ake yin su? Iskar da ke samanmu ba ta zama lafiya, shi ya sa duniya take rawa a gilashi. Amma cikin kowane minti akwai ƙiftawa da yawa da iskar take lafawa. Sai a ɗauki bidiyo mai dubban hotuna, a ba manhaja ta tsince masu kyau, ta ɗora su kan juna, ta fitar da guda ɗaya garau. PIPP tana daidaita bidiyon, AutoStakkert tana zaɓe da tarawa, RegiStax tana fito da layuka, dukkansu kyauta ne, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsu. Stellarium kuma ita za ta nuna abin da ke saman Kano a kowace sa'a. Bidiyon Mushtari kada ya wuce minti biyu zuwa uku: duk da ta ninka duniyarmu faɗi sau goma sha ɗaya, ƙasa da awa goma take juyawa, in an daɗe sai zanen jikinta ya goge.

Zoben Zuhal yana fara bayyana daga kusantowa sau talatin, a gilashi mai milimita 60 ko 70. A Maris ɗin 2025 ya juyo mana da kaifinsa har ya kusa ɓacewa, daga nan kuma yana ta buɗewa har zuwa 2032. Mirrihu, jar duniyar da ake kira Mas, mai rowa ce: sau ɗaya take matsowa cikin wata 26. Ta yi haka a Janairun 2025, sai kuma Fabrairun 2027.

Kada a raina aikin tsakar gida. Ranar 19 ga Yulin 2009, Anthony Wesley, wani mai sha'awa a Ostareliya, da na'urar da ya kafa a gidansa ya hango baƙin tabo a jikin Mushtari, inda wani abu ya faɗa mata. Shi ya sanar da masana, sannan manyan na'urori suka juya wajen.

Shin ko kun san an taɓa ganin ƙurar ƙasarmu daga sararin samaniya, aka kuma tabbatar da ita daga Kano? Hukumar NASA ta kafa tashar bibiyar kumbo a nan a farkon shekarun 1960. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, John Glenn yana zagaya duniya a kumbon Friendship 7, ya gaya wa tashar Kano yana ganin guguwar ƙura, suka amsa masa cewa mako guda ke nan ana iska mai ƙarfi. Wannan hazon na hunturu shi ne babban abokin gabar mai na'ura, daga Disamba zuwa Fabrairu. Lokacin da sama ta fi wankuwa shi ne kaka, Oktoba da Nuwamba, sai kuma daren damina bayan ruwa ya ɗauke. In ƙura ta hau gilashi, kada a kuskura a goge da bakin riga ko hula, yashi ne, zai karce shi har abada. A hure da 'yar robar hura iska, a rufe, a mayar cikin jaka.

Rufin kwano da dakalin siminti suna shan zafi wuni guda, su yi ta fitar da shi bayan faɗuwar rana, hoton da ya bi ta kansu sai ya yi ta rawa. A fitar da na'ura waje rabin awa kafin a fara, a kuma nemi abin da ya yi sama sosai. Wanda zai hau bene ko kan soro ya tuna a cikin birni yake, gida yana jingine da gida, tsakar gidan maƙwabci kuwa hurumin iyalinsa ne. A yi sallama, a sanar da maƙwabta da mai unguwa, bakin na'ura ya tsaya a sama. Dogon bututu a kan ƙafa uku cikin dare yana iya tayar da hankalin wanda bai san shi ba. Maganin zargi shi ne a kira dattijon unguwa ya sa ido da kansa.

Shin ko kun san an taɓa ɗaukar hoton jinjirin wata a daidai mintin haihuwarsa? Thierry Legault, Bafaranshe, ya yi haka ranar 8 ga Yulin 2013, da rana, da kyamara mai tace haske da allon da ya kare rana. Amma abin da kyamara ta kama daban, abin da ido zai gani daban. Masana falaki sun lura in tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, ba a ganinsa. Ƙaramin jinjirin da aka yarda an gani da ido zalla yana da awa 15 da minti 32, a 1990. Daga haihuwa zuwa haihuwa kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, dalilin da ya sa wata yake yin 29 ko 30. A nan kam katanga tana tarewa, sai an hau Dala ko Goron Dutse inda yamma take buɗe, kuma ba a ɗaga tabarau sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Mai na'ura shaida yake kaiwa. Sanarwar tsayuwar wata ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce, bayan kwamitin duban wata na ƙasa ya tantance rahotanni.

Shin ko kun san kallon rana ta gilashin na'ura yana ƙone ido kafin a ƙifta, ba tare da an ji zafi ba? Baƙin tabarau, gilashin da aka turara da hayaƙi, tsohon hoton ƙashi na asibiti, ruwa a kwano, babu mai kariya a cikinsu. Kada a bar na'ura a tsakar gida da rana inda yara suke. Ranar husufi a ɗaga rariya ko matsami, a dubi inuwarsa a ƙasa, kowace huda za ta zana rana a gutsure. Waɗanda suka yi wayo sun tuna Laraba 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina. Ranar 2 ga Agustan 2027 cikakken husufi zai ratsa Jidda da Makka, na 20 ga Maris 2034 kuma zai bi ta kudancin Nijeriya. Husufin wata, wanda muke cewa wata ya yi zazzaɓi, ba ya cutar da ido ko kaɗan. Na daren 27 ga Yulin 2018 ya yi awa ɗaya da minti 43 yana ja, babu wanda zai fi shi tsawo a wannan ƙarni.

Shin ko kun san wani Bakatsine ya koyar a Alƙahira shekara kusan ɗari uku da suka wuce? Muhammad bn Muhammad Alfulani Alkatsinawi ya yi rubutu a kan hisabi da hatimi da taurari, ya rasu a can a 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, wanda shi ma masanin falaki ne. Malaman zaure sun daɗe da sanin manzilolin wata 28, da su ake lissafin shigowar damina da sanyi. Sanin tafiyar wata da duniyoyi ilimin lissafi ne da lura, ba duba ba ne, bai kamata a riƙa yi wa mai na'ura kallon ɗan tsibbu ba.

Tambayar da yara suka fi yi ita ce ko za a ga tutar da aka kafa a wata. Ba za a gani ba. Na'urar gida mai kyau ba ta rarrabe abin da bai kai kilomita ɗaya ko biyu ba. Amma filin da kumbon Apollo 11 ya sauka ranar 20 ga Yulin 1969, kumbon da Alhaji Mamman Shata ya yi wa waƙa, yana cikin baƙaƙen shimfiɗun da ido ma yake gani. Na'urar NASA mai zagaya wata ta ɗauki hotunan wurin daga 2009, har da kayan da aka bari.

Na'ura ɗaya ta isa unguwa guda. Ƙungiyoyin matasa da makarantun Islamiyya da na boko na Soron Ɗinki da maƙwabtanta, ku haɗa kuɗi ku sayi mai madubin milimita 130 ko 150, ku damƙa ta a hannun malami mai amana, ku sa daren bakwai ga kowane wata ya zama na kallo bayan sallar isha'i, 'yan mata da samari kowa da layinsa. Kafin nan, mai tabarau mai ido biyu ya fito da shi a watan nan, ya fara neman ramin Albattani.